Unguwar Da Ke Bakin Iyaka: Wa Zai Kai Mata Ruwa?

Akwai wata kwata a unguwar da na yi shekara 11 ina haya a bayan birnin Kano. Ba wani faɗi gare ta ba, yaro ma yakan tsallake ta da gudu, amma ita ce iyakar ƙananan hukumomi biyu. Da rani ba mai kula ta. Da damina kuwa takan cika ta batse, ta kwaso ƙazantar sokawen da suka fashe, ta bi lunguna, ta tsiyaya cikin rijiyoyin gidaje. A wata damina da amai da gudawa ya kwantar da yara da dama a layinmu, sai muka kafa kwamiti, muka sa mai unguwa a gaba, muka nufi sakatariyar ƙaramar hukumar da ke gabas da kwatar. Jami'in da ya karɓe mu mutumin kirki ne, har ruwan sanyi ya sa aka kawo mana. Ya saurare mu tsaf, sannan ya dubi mai unguwa ya ce, “Ranka ya daɗe, ai kwatar nan a taswira ta maƙwabtanmu ce.” Da mako ya zagayo muka je wajen maƙwabtan nasu. Nasu jami'in ya ce, “Baba, ku yi haƙuri, ruwan nan daga ɓangarensu yake gangarowa, su ya kamata su fara.” Muka dawo gida muka yi karo-karo muka yashe ta da hannunmu.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, a ranar kasuwa masu karɓar haraji daga ɓangarorin biyu suke zuwa, kowa da rasit ɗinsa, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ce bari ya duba taswira tukuna ba.

Na kawo wannan ne domin mai karatu ya gane dalilin da ya sa na daɗe ina bibiyar labarin wata ƙaramar unguwa a ƙasar Amurka, wadda ta faɗa cikin irin wannan rami, ta yi shekara 47 kafin ta fita. Sunanta Rogers Road, tana Gundumar Orange ta Jihar Karolina ta Arewa, a gefen wasu garuruwa biyu da ke manne da juna, wato Chapel Hill da Carrboro. Chapel Hill gari ne na boko da wadata, nan ne mazaunin jami'ar jihar wadda aka kafa a 1789. Ita kuwa Rogers Road unguwa ce ta baƙar fata, waɗanda kakanninsu suka zauna a wajen suna noma bayan an 'yanta bayi, wasu iyalan ma suna riƙe da gonakinsu tun ƙarni na 19. A lokacin da labarinmu ya fara ƙauye ne sosai, hanyarsa ta ƙasa ce, kowane gida da rijiyarsa da sokawensa.

A 1972 hukumomin nan uku, gundumar da garuruwan biyu, suna neman inda za su riƙa zubar da shararsu. Suka haɗa kuɗi suka samu fili a kan titin Eubanks, dab da unguwar, suka buɗe bola. Magajin garin Chapel Hill na lokacin shi ne Howard Lee, wanda aka zaɓa a 1969, yana cikin baƙar fata na farko da suka riƙe irin wannan muƙami a garin da Turawa suka fi yawa a kudancin Amurka. Shi ya je ya lallashi mutanen unguwar. Abin da mazauna suka riƙe a ka, suka kuma gadar wa 'ya'yansu, shi ne an yi musu alkawarin za a zuba wa hanyarsu kwalta, a kawo musu ruwan famfo da bututun kwashe ƙazanta, a gina musu wurin taruwa, sannan bayan kimanin shekara 10 a rufe bolar a mayar da ita wurin shaƙatawa. Kwalta dai an zuba. Amma a tuna, motocin shara ma suna son hanya mai kyau.

Ban ɗauka Howard Lee ya je da niyyar yaudara ba. Illar ita ce alkawarin na baki ne, kuma bakin mutum ɗaya, alhali bolar ta hukumomi uku ce. Wa'adinsa ya ƙare ya tafi, waɗanda suka gaje shi suka ce su ba su ga takarda ba. Da shekara 10 ta cika, a maimakon a rufe bolar sai aka faɗaɗa ta. Mutanen unguwa suka zauna da wari, da ɓeraye, da ungulaye a kan rufin gidaje, da manyan motoci safe da yamma, da kuma waɗanda idan sun tarar an rufe ƙofar bola sai su juye kayansu a dajin bayan gidajen mutane su yi gaba.

A nan ne iyaka ta yi aikinta. Unguwar a rabe take: wani sashe ya shiga cikin garin Carrboro, wani yana wajen iyakar Chapel Hill duk da cewa garin yana da ta cewa a kan tsarin filayensa, gaba ɗayanta kuma tana ƙarƙashin gunduma. Wanda ke zaune a wajen iyakar gari ba ya jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar garin. Wato waɗanda ke turo masa shara ba su da abin tsoro a wajensa ranar zaɓe. Idan ya je gunduma a ce masa shimfiɗa bututu aikin garuruwa ne, idan ya je gari a ce masa ai kai ba namu ba ne. Ga kuma hukuma ta huɗu, wadda ita ce ma mai bututun. Sunanta OWASA, ta fara aiki a 1977, ita ke ba garuruwan biyu ruwa tana kwashe musu ƙazanta, kuma hukumomin ukun nan su ke naɗa mutum 9 da ke shugabantarta: Chapel Hill 5, Carrboro 2, gunduma 2. Ƙa'idarta ita ce ba ta ɗaukar kuɗin masu biyan bil ta ja sabon layi. Duk mai son bututu ya iso gare shi, shi zai biya. Ƙa'ida ce mai ma'ana idan ɗan kasuwa ne zai gina rukunin gidaje ya sayar. Ga tsohuwa mai cin fansho a gidan gado kuwa, daidai take da a ce mata har abada. Shi ya sa sababbin unguwannin masu hali suka yi ta tasowa kewaye da Rogers Road da ruwansu da bututunsu, ita tana tsakiya tana kallo. Ruwan famfo ya riga bututun ƙazanta isa, amma a gutsuttsure, wasu gidajen sun samu wasu ba su samu ba.

Abin da ya tunzura mutanen a ƙarshe ya faru ne a 2007. Bolar ta kusa cika, sai gunduma ta yanke shawarar gina tashar tara shara, inda za a riƙa loda ta a manyan motoci a kai wani wuri. Ina za a gina tashar? A kan titin Eubanks ɗin dai. A shekarar ne mazauna suka tsayar da ƙungiyarsu da ƙafafunta, ƙarƙashin mutane irin su Robert Campbell, wani malamin coci, da David Caldwell, kuma suka kai ƙara gaban Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, suna dogaro da dokar 'yancin jama'a ta 1964, wadda ta hana duk hukumar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambancin launin fata. Ba baƙon abu ba ne a jihar, domin a Gundumar Warren tata ne aka yi zanga-zangar 1982 kan binne gurɓatacciyar ƙasa mai guba a yankin baƙar fata, zanga-zangar da ake ɗauka ita ce mafarin fafutikar adalcin muhalli a Amurka.

Wani abu da suka yi wanda ya burge ni shi ne ba su tsaya ga kuka ba. Sun jawo masu bincike daga sashen lafiyar al'umma na jami'ar da ke maƙwabtaka da su, suka bi gida-gida tare, aka ɗebi ruwan rijiyoyi aka gwada, aka auna iska, aka duba sokawe. Sakamakon ya nuna rijiyoyi da yawa ba su cika ƙa'idar ruwan sha ba, kuma sokawe da dama sun lalace. An yi ta gardama kan ko bolar ce ta ɓata ruwan ko kuwa sokawen ne, kuma gaskiya gardamar tana da tushe. To amma ko wanne ne, maganin ɗaya ne, shi ne bututu. Daga ranar da takardar gwaji ta hau teburin majalisa, maganar ta tashi daga “mutanen nan sun cika ƙorafi” ta koma “nawa ne kuɗin aikin”. A 2009 gunduma ta janye batun tashar, ta zaɓi kai shararta birnin Durham da ke kusa. A ƙarshen watan Yuni na 2013 aka rufe bolar, bayan shekara 41.

Yanzu ga inda nake so ma'aikatanmu da 'yan siyasarmu su buɗe kunne. A 2012 hukumomin uku suka kafa kwamitin haɗin gwiwa, da wakilan kowace majalisa da na mutanen unguwa a zaune a teburi ɗaya. Tambayar da ta saba kashe irin wannan zama ita ce wa zai biya nawa. Ana iya raba kuɗin bisa yawan jama'a, ko bisa yawan gidajen da ke ɓangaren kowa, ko bisa ƙarfin aljihu, kuma kowace hanya akwai wanda za ta cuta, saboda haka akwai wanda zai tashi ya bar taron. Sai aka koma ga tsohuwar yarjejeniyar 1972, wadda da ita suka raba mallakar bolar: gunduma kashi 43 cikin 100, Chapel Hill kashi 43, Carrboro kashi 14. Aka ce yadda kuka raba wajen zubar da shara, haka za ku raba wajen biyan bashin. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Babu wanda ya iya musa lissafin, domin da sa hannun magabatansa a kai.

Ko da aka samu lissafin, doka ta tare hanya, har sau biyu. Na farko, Chapel Hill ba ta da hurumin kashe kuɗin masu biyan harajinta a yankin da ke wajen ikonta. A wajenmu nan ne za a rufe fayil a ce doka ta hana. Su kuwa sai suka nemi ƙofa a cikin dokar: jihar ta yarda gari ya shimfiɗa ikonsa na tsara ƙasa zuwa wani yanki na bayan iyakarsa, kuma a 2014 majalisar garin ta yi haka ga ɓangaren unguwar, abin da ya ba ta damar zuba kasonta. Na biyu ya fi ban takaici. Ƙarar da mazauna suka kai tun 2007 ta yi shekaru tana kwance, sai a daidai lokacin da ake dab da cimma matsaya hukumar tarayya ta motsa da bincike, lauyan gunduma kuma ya ba shugabanninsa shawarar su kama bakinsu har sai an ga inda binciken ya dosa. Makamin da mutanen suka ɗauka don a saurare su, shi ya zo ya jinkirta su na wani lokaci. Ina faɗin wannan ne don masu ganin kai ƙara shi ne ƙarshen magana.

A 2014 aka buɗe cibiyar taruwar da aka yi alkawari tun zamanin iyayensu. A 2017 aka fara haƙa, gunduma ce ta riƙe aikin a madadin sauran biyun, OWASA ta sa ido a kan aikin injiniya domin ita za ta gaji layin ta riƙa kula da shi. A 2019 aka kammala, an tsara shi don gidaje 86 na asalin unguwar. Yaron da aka haifa a shekarar da aka yi alkawarin ya kai shekara 47, da yawa daga dattawan da aka yi maganar a gabansu kuwa sun riga mu gidan gaskiya.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Duk wanda ya san aikin ruwa ya san cewa bututu a bakin titi daban, ruwa a cikin gida daban. Tsakanin babban layi da bayan gidan mutum akwai kuɗin haɗawa, da ladan mai gyaran famfo, da cike tsohon sokawe, sannan ga bil da zai riƙa zuwa duk wata ga mutumin da bai taɓa biya ba. Da an tsaya a titi, da an yi bikin yanke kyalle an ɗauki hoto, talakan unguwar kuma ya ci gaba da zama da sokawensa. Dole hukumomin suka sake zama suka ware tallafi da rance mai sauƙi ga masu ƙaramin ƙarfi domin su haɗa. Ga kuma wata barazanar da ta biyo bututun: filin da ya samu ruwa da magudana daraja yake yi, masu gine-gine su yi caa, haraji ya hau, har mai gidan gado ya ga gara ya sayar ya tashi. Mutanen sun hango wannan, suka zauna suka rubuta irin ci-gaban da suke so da wanda ba sa so, suka matsa wa garuruwan biyu su sa shi cikin dokar tsara filayen yankin. Ko hakan zai riƙe unguwar a hannun jikokin masu ita, wannan kokawa ce da ba a gama ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina yabon Amurka ne. Ƙasar da ta fi kowa dukiya ta bar gidaje 86 a gefen garin jami'a kusan rabin ƙarni babu magudana, ba abin yabo a ciki. Abin da na ɗauka daga labarin shi ne yadda aka warware ƙullin a ƙarshe, domin irin ƙullinmu ne, sai dai namu ya fi girma nesa ba kusa ba. Birnin Kano a yau ya bazu a ƙananan hukumomi 8: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo, har yana kutsawa cikin na gaba da su. Sababbin unguwanni a bakin iyaka suke tsirowa, domin nan ne fili yake da araha. Wanda ya san Nyanya da Mararaba ya san wani nau'in abin da ya fi wannan tsanani, inda iyakar ta raba Babban Birnin Tarayya da Jihar Nasarawa, mutum yana aiki a can yana kwana a nan, kuma ruwan sama bai san an ja layi ba.

Za a ce mini a Nijeriya ruwan famfo na birane aikin hukumar ruwa ta jiha ne, ba na ƙaramar hukuma ba, kuma in ban da Abuja mai matatar Wupa, biranenmu ba su da wani tsarin bututun ƙazanta na a-zo-a-gani. Haka ne. Amma a buɗe Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 a karanta. A cikin ayyukan da ya ɗora wa ƙaramar hukuma akwai gina tituna da magudanan ruwa da kula da su, akwai bayan gida na jama'a, da kwashe ƙazanta da shara. Kwatar unguwarmu ba ta da wani uba a doka da ya wuce shugabannin nan biyu da suka yi ta turo mu wa juna. Hukumar ruwa ta jiha kuma tana iya zama musu abin da OWASA ta zama wa waɗancan, wato mai gwaninta da za ta tsara ta kuma riƙe layin, su kuma su haɗa kuɗin jawo shi daga inda ya tsaya zuwa inda jama'a suke.

Shekara da shekaru uzurin ciyamomi shi ne asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, cewa kuɗinsu ba ya isowa hannunsu. Uzuri ne mai ƙamshin gaskiya. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kantoma. Hukunci daban, aiwatarwa daban, wannan kowa ya sani. Amma ni tsorona a wani wajen yake. Ko da kowane ciyaman ya karɓi kuɗinsa cif, abin da zai fi jan hankalinsa shi ne rijiyar burtsatse a tsakiyar mazaɓarsa, da allo mai ɗauke da sunansa a jikin tankin. Aikin da ke bakin iyaka ba ya ba da irin wannan allo, domin rabin masu cin moriyarsa ba za su zaɓe shi ba, kuma dole ya raba yabon da wani, wataƙila ma ɗan wata jam'iyya. 'Yancin kuɗi, idan ba a yi hattara ba, zai iya ƙara wa katangar tsayi ne.

Shi ya sa nake ganin aikin yana kan irinku masu karanta wannan shafi, injiniyoyi da lauyoyi da likitoci da masu tsara birane, waɗanda da yawanku a irin waɗannan unguwanni kuka gina gidajenku, kuka haƙa burtsatse kuka kewaye kanku, maƙwabcinku yana sayen jarka a wajen 'yan garuwa. Mutanen Rogers Road ba su fi mu yawan masu ilimi ba. Sun dai samu waɗanda suka gwada musu ruwa suka rubuta sakamakon, da waɗanda suka tono tsohuwar takarda suka ce ga lissafi. Mu ma muna da abin da za mu kafa lissafi a kai. Harajin da ɓangarorin biyu ke karɓa a kasuwar unguwa da tashar mota da shaguna rubuce yake a rasit, ko ya kamata a ce rubuce yake. Idan ta gabas tana karɓar kashi biyu cikin uku, to ta ɗauki kashi biyu cikin uku na kuɗin magudanar. A rubuta, majalisun biyu su amince da shi a zamansu, ya shiga kasafin kuɗi, domin ciyaman na gaba ya tarar da shi a fayil, kada ya ce shi bai ga takarda ba.

Da muka je sakatariyar nan biyu, ba mu riƙe komai a hannu ba sai ladabi da dattakun mai unguwa. A cikin kwamitinmu akwai ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, akwai lauya, akwai ni da na san taswira, amma ba wanda ya yi tunanin ɗibar ruwan rijiya a kwalba ya kai a gwada, ko ya tattara rasit ɗin 'yan kasuwa na wata guda. Na bar unguwar tuni. Da na bi ta wajen a daminar bara don gaisuwar rasuwa, na tarar an ɗora katako biyu a kan kwatar, wani yaro yana tura kurar ruwa yana neman yadda zai haye.